Jitar da Ta Bi ta Sakkwato

A bukukuwan da ake yi a Kura da Bunkure da Garun Malam, bayan an yanke shinkafa kuɗi ya shigo hannu, abin da ake ɗaukowa yanzu shi ne yaro ɗaya da kwamfutarsa da manyan lasifika biyu da janareta. Waƙar da zai saka ma a kwamfuta aka haɗa ta, a wani sutudiyo cikin birnin Kano: ganga daga fiyano, sarewa daga fiyano, muryar kuma an bi ta da na'ura an goge. Ba na ƙin waƙoƙin nanaye. A cikin masu yin su akwai masu murya da iya sarrafa Hausa, kuma su ne ke raka masu dashe da masu cirar tumatir a wayoyinsu tun safe har la'asar. Abin da ke damuna shi ne hannu ya fita daga kiɗanmu. Ka zaga garuruwan nan ka nemi ɗan shekara ashirin da ya iya gurmi ko kukuma ko garaya, za ka sha tambaya kafin a nuna maka ɗaya.

Na ga ya dace mu tuna wasu abubuwa game da kiɗan rok na Turawa, wanda yawancinmu muke ɗauka hayaniya ce kawai ta masu dogon gashi, don akwai labarinsa da ya shafe mu kai tsaye.

A 1971, shekarar da aka fara aikin madatsar Tiga, wani Bature ɗan Ingila mai suna Ginger Baker ya shiga mota ƙirar Range Rover ya keto hamadar Sahara ya nufo Najeriya. Shi ne makaɗin ganga na ƙungiyar Cream, wadda ya yi tare da Eric Clapton da Jack Bruce kafin su watse a 1968, kuma a lokacin ana lissafa shi cikin gwanayen ganga na duniyar rok. Mutumin da ya kai wannan matsayi ya baro Landan ya zo ya zauna a Legas, ya yi kiɗa tare da Fela Kuti, suka fitar da faifai, daga baya ya buɗe sutudiyonsa a Ikeja. Abin da ya kawo shi shi ne makaɗanmu, irin su Tony Allen, da abin da suke yi da hannu da ƙafa wanda bai samu a gida ba.

Bayan shekara biyu sai ga Paul McCartney na Beatles. Ana gab da tasowa biyu daga cikin 'yan ƙungiyarsa ta Wings suka janye, mai jita da mai ganga, don haka su uku suka iso Legas a 1973, shi da matarsa Linda da Denny Laine, kuma shi ya riƙa kaɗa gangar da kansa a sutudiyon EMI da ke Apapa. Wata rana da dare 'yan fashi suka tare shi da Linda da wuƙa, suka ƙwace har da kaset ɗin da ya tara gwajin waƙoƙinsa a ciki. Fela kuma ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata, sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da suka ɗauka ya ji da kunnensa. A cikin wannan wahala aka yi faifan Band on the Run, wanda ya zama mafi shahara a duk abin da Wings ta fitar. McCartney ya sha faɗa daga baya cewa daren da ya je ya ga ƙungiyar Fela tana kiɗa, sai da ya zubar da hawaye. Mutane ne jere a kan dandamali, kowa da abin kiɗansa, suna sauraron juna. Wannan shi ya sa shi kuka.

To amma labarin da ya fi taɓa ni na kusa da gida ne. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, yau yana cikin masu jitar da jaridun Amurka da Turai ke yawan ambata, har ana kwatanta shi da Jimi Hendrix, kasancewar dukansu bahagwai ne. Iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, kamar yadda iyayenmu da yawa ba za su so ba. Jitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko kuwa, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, a kan salon waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar kwamfuta da muryar da aka bi da na'ura. Wato ta ƙofarmu ya shiga. Waƙoƙin suka bazu a Sahel daga waya zuwa waya, ta memori da bulutut, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a cikin waƙoƙin da yake tarawa daga wayoyin mutane, ya yi ta cigiyar mai ita sai da ya same shi. Daga nan Mdou ya koma ga jitar lantarki da makaɗa masu rai, kuma da su ya zaga duniya. Faifansa Afrique Victime na 2021 kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar. Ya ɗauki abin da Sakkwato ta ba shi, amma bai yar da tsirkiya ba. Mu da muka ba shi aron salon, mu ne muka tsaya a kan fiyano.

Kuma ba shi kaɗai ba ne a maƙwabta. Bombino na Agadas ya kai ga takarar lambar Grammy. A Yamai akwai Tal National, wadda ke rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci a kan jita da ganga. A Mali, Bassekou Kouyaté ya ɗauki ngoni, ɗan'uwan molonmu da garaya, ya sa masa maratayi ya miƙe tsaye da shi, ya haɗa shi da lantarki, ya kafa ƙungiya sukutum ta masu ngoni manya da ƙanana.

Mu ma muna da abin da za mu ɗora a kai. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasar nan har rasuwarsa a 2015. Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, Ahmadu Doka da Garba Supa da Hassan Wayam da kukumarsu, duk wanda ya saurari kaset ɗinsu ya san akwai gudu da zafi a yatsun nan da ba su gaza na kowane mai jita ba. Bala Miller kuma ya nuna a Kaduna cewa ana iya tara babbar ƙungiya da kayan Turawa a yi waƙa da Hausa tsantsa. Abin da ya hana a gaje su sananne ne: ana ganin mai riƙe da gurmi maroƙi ne, ɗan gidan mutunci ba ya taɓawa, alhali yaron da ke zaune gaban kwamfuta ana kiransa furodusa. Ga kuma kuɗi. Mutum ɗaya da fiyano ya fi arha a kan makaɗa shida da za a ciyar, a sallama.

Masu cewa haɗa gurmi da lantarki ɓata al'ada ne, ina roƙonsu su dubi gonakinmu. Ruwan Tiga da ke bin manyan kwatoci ya ratsa Kadawa ya iso Kura fasahar waje ce, da siminti da ƙofofin ƙarfe, amma shinkafar da ta fito tamu ce, kuma ba wanda ya ce noman rani ya raba mu da noma.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Ɗan ƙaramin makirufo da ake mannawa a jikin ƙoƙon gurmi, da na'urar ƙara sauti, yaran da ke gyaran waya da rediyo a kasuwar Kura za su iya haɗawa. Dattawan da suka iya kiɗan suna nan da sauransu a ƙauyuka, wasu sun rataye kayan sun koma gona saboda ba mai gayyatarsu. Masu injinan casar shinkafa da ƙungiyoyin manoma, waɗanda ke kashe kuɗi sosai a bikin 'ya'yansu, su ne za su iya fara kiran waɗannan dattawa su biya su da daraja, a ba su awa ɗaya kafin mai kwamfuta ya kunna nasa, a kuma bar yara su matso kusa su ga yadda yatsa ke tafiya a kan tsirkiya.