Aikin sulhu da bakin aro

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya kusa gama lisansi a cikinmu ya san takardun neman ma'aikata da ƙungiyoyi ke mannawa a bango ko ake turowa ta WhatsApp. A ƴan shekarun nan da yawansu na aikin zaman lafiya ne: sasanta manoma da makiyaya, shiga tsakanin matasa, hana tashin hankali. Tunda ilimin harshe nake karantawa, sai na ɗauki takardun nan na duba su yadda muke duba kowane rubutu a aji, in ga abin da suka faɗa da wanda suka ɓoye.

Tsarinsu kusan ɗaya ne. A sama akwai shugaban furoje, sai mai bin diddigi da rubuta rahoto, can ƙasa kuma "animateur", wanda zai hau babur ya shiga ƙauye. Sharuɗɗan na sama su ne mastar, shekarun aiki, Faransanci mai kyau, wani lokaci har da Ingilishi. Sai a layin ƙarshe a ce iya harshen yankin "un atout" ne, wato ƙari, in akwai madalla, in babu ba komai. To jama'a, sulhu da mene ne ake yin shi in ba da baki ba? An mai da kayan aikin kansa ƙari, an mai da harshen rahoto sharaɗi. Wanda ya zauna ƙarƙashin itace ya ji zafin maganar mutane shi ke da ƙaramin albashi da gajeren kwantaragi, wanda ya juya zaman zuwa shafi goma na Faransanci shi ke hawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matsalar ta wuce albashi, ta shiga cikin kalmomin. Ɗauki "sensibilisation", da muke fassarawa wayar da kai. Idan aka ce an wayar musu da kai, mutanen ƙauye su ne aka yi wa aikin, mai aikin wani ne daga waje, kuma an riga an ɗauka kansu a duhu yake. Bahaushe kuwa in rigima ta mutu cewa yake sun shirya. A wannan jimla masu rigimar su ne masu aikatawa, mai shiga tsakani ma bai fito ba. Ƙwararren da ya saba da jimlar farko zai auna nasararsa da yawan mutanen da suka zo taro, ya manta da tambayar ko sun shirya.

Haka "conflit". Kalma ɗaya ce a rahoto, amma mu muna da ɓarna, muna da rigima, muna da gaba. Ɓarna shanu ne suka shiga gona, a kimanta a biya, magana ta ƙare. Gaba tana iya kai shekara ashirin, ana gadonta, kuɗi ba su kashe ta. Wanda ya kawo maganin ɓarna wurin gaba ya ɓata man babur ɗinsa. Ita kuwa "résilience", in ba a yi hankali ba sai ta sauka a kunnen mutane a matsayin haƙuri. Ka je wurin wanda aka sace wa garke, ka ce furoje ya zo ya koya mishi haƙuri, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Abin da ya fi damuna shi ne takardun nan suna magana kamar sana'ar sulhu da furoje ta fara. Alhali ƙasar nan ta daɗe tana biyan kuɗin makaranta a wannan fanni, kuma da jini. A watan Oktoba na 1991 an kashe mutum fiye da 100 a Toda, cikin jihar Maraɗi, a rikicin manoma da makiyaya. A 1993 aka fitar da dokar ƙasar noma da kiwo, wadda daga cikinta kwamitocin filaye, su COFO, suka fito, tun daga ƙauye har zuwa gunduma. A ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta sa har yau muke bikin ranar haɗin kan ƙasa, kuma daga wannan tafiyar ce aka samu hukumar da yanzu ake kira HACP. A 2000 aka ƙone makamai a Agadas. Doka kuma ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a kan gona, burtali da rijiya kafin magana ta kai gaban alƙali. Mai gari da ya yi shekara talatin yana raba irin wannan rigima ba shi da difloma, don haka a rahoto sunansa "bénéficiaire", an ba shi horo na kwana uku an sallame shi da kuɗin zama. Wa ya kamata ya horar da wa?

Wani zai ce: ai mai ba da kuɗi yana Turai, dole a rubuta mishi da harshen da yake ji. Gaskiya ne, rahoto aiki ne, kuma kuɗin jama'a sai da lissafi. Ba na kuma zargin ɗan uwana da ya yi shekara biyu yana shan shayi a fada don ya samu wannan aiki ya karɓa. Neman abinci ba laifi ba ne. Amma akwai shaida cewa ana iya ɗaukar harshe da muhimmanci: Studio Kalangou na watsa shirye-shiryensa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek tare da Faransanci, kuma ɗan jaridar da bai iya harshen ba babu yadda za a yi ya riƙe shirin. Tun 2025 ma an ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. In har takardar neman mai sulhu tana kiran Hausa ƙari, ta ina canjin ya biyo?

Kada mu Hausawa kuma mu ji daɗi da yawa. Idan aka zauna sasanta manomi Bahaushe da makiyayi Bafulatani da Hausa zalla, ɗaya na magana da harshen uwarsa, ɗaya na lalube. Tun kafin a fara, ma'aunin ya karkata. Mai shiga tsakani da bai lura da wannan ba ya ɗauki ɓangare bai sani ba.

Saboda haka ga wanda ke son wannan sana'a a cikinmu, ga abin da nake gani. Ka riƙe Faransancinka, zai ci da kai. Amma ka karanta dokar 1993 da ta kiwo ta 2010, ka san bambancin gado, aro da jingina a kan gona, ka san lokacin da ake sakin gonaki a yankinka. Ka koyi Fulatanci ko Tamashek, ko da gaisuwa da sunayen dabbobi ne a farko. In hutu ya zo, ka nemi izini ka zauna a zauren mai gari ranar da ake sasanci, ka kama bakinka ka saurari yadda ake jera magana: wa ake fara ba dama, yaushe ake kawo wasan taubasantaka don a sauke zafi, yaushe ake yin shiru. Mu kuma ƴan fannin harshe akwai bashi a kanmu: mu tattara kalmomin sulhu na harsunanmu daga bakin masu yin shi, mu rubuta su da ma'anoninsu, tun dattawan da suka san su suna raye.