Kiɗan Manya da Kiɗan Talakawa a Wurin Turawa

Turawa suna da wani irin kiɗa da su ke kira kilasika, watau tsohon kiɗan da gwanaye suka rubuta a takarda. Makaɗa kamar tamanin su kan taru da goge manya da ƙanana, da sarewa da ƙahoni, kowa na bin rubutun. Masu sauraro sai su zauna tsit, ba rawa ba shewa, ba mai tafi sai an kai ƙarshe. Don haka talakawansu suka ɗauka kiɗan attajirai ne da masu girman kai. Waɗansu masu sonsa kuwa su kan raina sauran kiɗa, wai hayaniya ce ta jahilai.

A ganina duka ɓangarorin biyu tufafin masu sauraro su ke dubawa. Ku dubi Mozart, wanda ba a shakkar gwanintarsa. A shekarar 1781 bara ne na babban limamin Kirista na Salzburg, tare da kuku da sauran barori ya ke cin abinci. A 1791 ya fito da wasan nan mai waƙa, Sarewar Sihiri. Da Jamusanci aka yi shi, ba da Italiyancin da fada ta fi so ba, a wani gidan wasa na bayan birnin Biyana inda talakawa ke shiga. Waƙar mai kamun tsuntsaye da ke ciki, ko yaro ya ji sau biyu ya iya bi da fito. To, ina girman kai a nan?

Rawar wals kuma, wadda namiji ke riƙe mace su yi ta juyawa, a 1816 jaridar Times ta Landan ta ce rashin kunya ce, ta gargaɗi iyaye. Yanzu kiɗanta a ke yi a Biyana kowace ranar sabuwar shekara, kujera kuwa sai mai kuɗi da sa'a. Haka jaz na baƙar fatar Amurka: Jamus ta hana shi a rediyo a 1935, a 1938 sai ga shi a babban zauren Carnegie na birnin New York.

Abin da ya fi ba ni mamaki goge ne. A can shi ne gaba a kiɗan manya, a kan sa ɗan attajiri ya koya tun yana ƙarami. A nan kuwa, in aka ce goge, sai a tuna da 'yan bori da gidan magajiya, uba ba ya so a ce an ga ɗansa a wurin.