Sabha a Idon Masu Ƙirƙirar Labari: Ina Magina da Manoma?

Daga 1920 zuwa 1933 doka ta hana sarrafa barasa da sayar da ita a Amurka. Mashaya ba su daina sha ba, kasuwar ce kawai ta koma bayan fage, ta faɗa hannun 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone na Cikago. Marubuta da masu shirya fim suka samu abin nema. Littafin Little Caesar na W. R. Burnett ya fito a 1929, fim ɗin Scarface ya biyo baya a 1932, kuma har yau ba a gaji ba, tunda an yi shirin talabijin na Boardwalk Empire daga 2010 zuwa 2014.

Wanda ya ji a jikinsa shi ne Ba'italiye ɗan ci-rani. Kusan mutum miliyan huɗu ne suka bar Italiya zuwa Amurka tsakanin 1880 da 1920, akasarinsu talakawan kudu, suka bazu a ma'aikatun ƙarfe da ramukan kwal da wuraren gini. Amma a allon silima sai aka mayar da su masu bindiga da baƙar hula. Ba wai babu wanda ya rubuta rayuwarsu ta haƙiƙa ba ne. Pietro di Donato, birkila ɗan birkila, ya wallafa Christ in Concrete a 1939, kan yaron da gini ya rufta wa mahaifinsa, dole ya ɗauki cokalin gini yana ɗan shekara 12, kuma abin da ya faru da marubucin ke nan. Mario Puzo ya rubuta The Fortunate Pilgrim a 1965, labarin wata uwa da ke riƙe da gida a unguwar 'yan reluwe ta New York. Littafin ya sha yabo, kasuwa ta juya masa baya. Da bashi ya ishi Puzo sai ya rubuta The Godfather a 1969, duniya ta ɗauka, aka manta da uwar.

Wannan ƙaddara ce ke neman faɗa wa Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya.

Kayan haɗin duk sun cika. Barasa haramun ce a dokar Libiya tun 1969, shekarar da Gaddafi ya karɓi mulki, ga kuma man fetur mai rahusa da ake sulalewa da shi kudu. Sai dai hanin da ya fi kama da na Amurka a Nijar aka yi shi, wato dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure. Kafin ta, ayarin motoci kan bar Agadas ran Litinin a bainar jama'a, ya bi ta Dirku da Madama da Tummo da Gatrun har Sabha. Bayan ta, direbobi suka koma ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi, kuɗin mota ya hau, haɗari ya ƙaru, har gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar a Nuwamban 2023. A Afrilun 2017 hukumar ƙaura ta duniya ta ba da rahoton cewa ana cinikin mutane a Sabha. Gidajen bashi, inda ake tsare mutum ana dukansa har danginsa su aiko da kuɗi, ba ƙage ba ne.

Don haka babu mai cewa a rufe wannan babin. Fabrizio Gatti, ɗan jaridar Italiya da ya bi hanyar hamadar Tenere da kansa, ya yi aiki da littafinsa Bilal na 2007. Abu Bakr Khaal na Eritiriya, wanda ya daɗe a Libiya, ya rubuta African Titanics da Larabci. Fim ɗin Ba'italiye Matteo Garrone, Io Capitano, ya ci kyauta a bikin Benis na 2023, ya kuma kai matakin ƙarshe a gasar Oscar. Abin dariya kaɗan: 'yan'uwan waɗanda aka shafa wa baƙin fenti a Cikago ne yau ke riƙe da kyamara. Damuwar ita ce hanya ɗaya ake ta bi: Hilux, hamada, kurkuku, teku. Sabha ta zama zango kawai, baƙar fata kuwa ko dai kaya ne ko dillali.

Alhali ƙididdigar hukumar ƙauran ta sha nuna cewa 'yan Nijar na cikin sahun gaba a yawan baƙin da ke Libiya, kuma galibinsu ba Turai suka nufa ba. Ci-rani suke zuwa, kamar yadda iyayensu suka yi tun zamanin arzikin mai. Su ne ke buga bulo, su ne a gonakin bayan gari, su ne masu kiwo da wankin mota da tura baro. Da asuba sukan tsaya bakin titi da shebur ko guduma, kowa da alamar sana'arsa, suna jiran mai ɗauka. Akwai labari a nan, kuma mai nauyi: yadda ake aika kuɗi Tanut ko Kance ba tare da banki ba, yadda ake rabon ɗaki, wanda ke yi wa baƙo tafinta, ubangidan da ya cika alkawari da wanda ya cinye guminka ya kira maka 'yan bindiga, da matar da aka bari a gida tana lissafin damina. Ko a Io Capitano, wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne inda wani dattijon magini ya ja yaron da fim ɗin ke bi a jika, suka gina katanga da maɓuɓɓugar ruwa, aikin hannunsu ya fanshe su. Garrone bai daɗe a wurin ba, ya garzaya teku.

Marubutan Hausa ba baƙi ba ne a Fezzan. A Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta a shekarun 1930, mahaifiyar Umar ta bi sawun ɗanta har Murzuk, kudu da Sabha, bauta ta rutsa da ita. Tafawa Ɓalewa bai ɓoye muguntar fataucin bayi ba, amma uwar ya sa a gaba, ba fataken ba. Ibrahim al-Koni, Buzun Libiya da ya tashi a Fezzan, shi ma ya nuna cewa mutanen hamada na da rayuwar da ta isa littafi ba sai an jingina ta da Turai ba.

Marubutan Kano da Damagaram da Maraɗi, da masu shirya fim na Kannywood, suna da abin da Garrone ba shi da shi, shi da ya ɗauki hamadarsa a Maroko. Suna jin harshen 'yan ci-ranin, kuma waɗanda suka dawo daga Sabha suna nan a tashoshin mota da majalisun unguwa. Su je su zauna da birkilan da ya yi shekaru a can, su saurare shi tun daga ranar da ya sauka har ranar da ya ɗaure kayansa, su rubuta shi da sunansa da sana'arsa.