Haye Mutum a Jirgi Ba Ɗabi'ar Alhaji Ba Ce

Jama'ar Tudun Fulani. Filin jirgi yana nan Maikunkele, kusa da mu, kuma shekara ba ta wucewa sai wani daga unguwar nan ya tafi Hajji ko Umra. To akwai wani ɗan al'amari da muke raina shi, alhali yana jawo cutarwa.

A tafiyata ta Umra, wani dattijo ya zauna bakin taga, ni a tsakiya, wani matashi a bakin hanya. Da Baba ya nemi fita bayan gida, na yunƙura, amma yaron nan ko motsi bai yi ba. Gwiwoyinsa kawai ya karkatar, idonsa na kan waya, wai mu wuce. Baba yana sanye da harami. Ya dubi wurin, ya ga in ya ɗaga ƙafa zanensa zai kwance, sai ya ce, "Bari kawai, Malam, na fasa." Ashe yana da ciwon suga. Kafin mu sauka Jidda fitsari ya kufce masa. Wallahi har yau ina jin kunyar shirun da na yi.

Daga Nijeriya zuwa Jidda tafiyar wajen awa 5 ce. Ba motar Minna zuwa Suleja ba ce, da za ka ce direba ya tsaya ka kewaya. Tazarar kujerun jirgi kuwa ba ta isa babban mutum ya ratsa ba sai ya goge wani ko ya taka shi.

Abin mamaki, mun san hukuncin irin wannan a masallaci. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga wani yana ƙetare wuyan mutane ranar Juma'a, ya umarce shi ya zauna saboda ya cutar da jama'a. Aya ta 11 a Suratul Mujadala kuma ta umarci muminai su yalwata wa juna a wurin zama, su miƙe in an ce su miƙe. Don me za mu bar ladabin nan a ƙofar masallaci, mu hau jirgin zuwa Ɗakin Allah babu shi?

Gyaran ba wuya. Kai na bakin hanya, in an nemi wucewa, ka naɗe teburin gabanka, ka kwance bel, ka fito tsaye. Kai na ciki, ka ce "Gafara dai, Alhaji." In yana barci ka taɓa kafaɗarsa a hankali, kada ka haye shi. In Hajiya ce, ka kira ta da baki ko ka nemi ma'aikaciyar jirgi, ban da taɓawa. Kada ka riƙe kan kujerar gaba ka ja, akwai mutum a kanta. Ka daure har a kwashe kwanukan abinci in za ka iya. In fitilar ɗaura bel tana kunne, kowa ya zauna. Wanda ya san yana yawan fita, ya roƙi kujerar bakin hanya tun wurin auna kaya.

Ina kira ga malamai masu yi wa maniyyata bita, har da ni kaina. Muna koyar da ɗawafi da sa'ayi da jifa, amma ba ma faɗa wa tsohon da bai taɓa shiga jirgi ba cewa haƙƙinsa ne a tashi masa. Mu jera kujeru 3 a harabar makaranta, mu gwada musu. Minti 10 ya isa.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya ba mu ikon girmama na gaba da mu.