Diyyar Gona da Sauyin Doka: Sharhi kan Sashe na 31 na Dokar Amfani da Ƙasa

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ta ci gonaki masu yawa a kudancin Kano. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda sashenta na 29 ya taƙaita diyya ga gini da shuka da makamantansu, ban da ƙimar ƙasar kanta. Sashe na 31 kuwa ya bar filayen da aka karɓa kafin ranar a ƙarƙashin dokar 1976. Wato sabon hukunci bai waiwayi baya ba.

Nan dokar ta dace da fiƙihu. Haƙƙin manomi, a Saji yake ko a Rurum, yana tabbata a wuyan hukuma tun ranar da aka raba shi da gonarsa, kuma Malikawa suna ƙiyasta ƙimar abin da aka ƙwace ne da ranar ƙwacen. Mai kafa hujja da soke ragowar riba a Hajjin Bankwana, ya ce duk abin da ba a biya ba sabon hukunci ya hau kansa, ya yi ƙiyasi tare da bambanci. Waccan ragowa haram ce tun asali, diyya kuwa bashi ne halattacce. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya faɗaɗa Masallacin Harami a shekara ta 17 bayan Hijira, ajiye wa waɗanda suka ƙi sayarwa kuɗin gidajensu ya yi.

Gurguntar dokar tana wajen jinkiri. Ta kare lissafin ranar karɓa, amma ba ta kare darajarsa ba, alhali nairar 1974 ba ita ce ta yau ba. Maganin da sashe na 29 ya kawo wa jinkiri shi ne kuɗin ruwa na banki, abin da Musulmi zai ƙyamata ko da yana cikin matsi. Rikicin Bakolori na 1980, inda aka zubar da jinin manoma, ya nuna inda jan ƙafa wajen biyan diyya kan kai al'umma. Mafita mafi kusa ita ce ra'ayin Ar-Rahuni daga cikin Malikawa: idan faɗuwar kuɗi ta yi muni, ƙima ake biya, ba adadi ba. Da wannan sai a sake ƙiyasta tsohuwar diyyar da ba a biya ba a ranar biya, ba tare da an taɓa riba ko an mayar da dokar 1978 baya ba.