Hoton Dalar Gyaɗa da Mutanen da Aka Manta

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Duk wanda ya shiga Gidan Makama a birnin Kano, ya tsaya gaban tsofaffin hotunan da ke can, na ƙofofin gari da na zamanin da Turawa suka ci Kano cikin 1903, zai tabbata maganan nan gaskiya ce. Abin da kaka ya faɗa da baki, ga shi a takarda, baƙi da fari. Saboda haka in masu zane da masu ɗaukan hoto suka haɗa kai don su baje wa jama'a irin waɗannan hotuna, sun cancanci yabo. Amma yabo ba ya hana gyara. Nufina a nan in ɗauki hoto guda in auna shi, mu ga abin da ya nuna da abin da ya ɓoye.

Hoton da na ke nufi shi ne na dalar gyaɗa, wanda kusan kowa ya taɓa gani, ko a littafi ko a bango. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe, har attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, suka shahara da shi. Aka riƙa jera buhuna bisa juna suna jiran jirgi ya kwashe su zuwa Ikko, dala guda takan ci buhu har 15,000.

Bari mu fara ba mai hoton hakkinsa. Akwatin hoto na wancan zamani ba kamar wayar hannu ta yau ba ne. Filim ƙidayayye ne, ga tsada, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Tilas mutum ya natsu, ya zaɓi wurin tsayawa, ya jira rana ta karkata. Shi ya sa za ka ga gefen dala ɗaya da haske, ɗayan da inuwa, buhuna sun fito ɗai-ɗai kamar a ƙirga. Wannan aikin gwani ne.

To, amma sake dubawa, ya kai mai karatu. Ina mutanen da suka gina dalar? In ka lura za ka hango su can ƙasa, ƙanana kamar tururuwa, buhu a ka. An sa su ne don a gane tsawon dala, ba don a san su ba. Babu fuska, balle suna, balle garin da suka fito cin rani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hoton ya ce Kano ta yi arziki, gaskiya ne. Amma ya yi shiru game da wuyan da ya ɗauki arzikin. Wannan shi ne aibinsa, kuma aibi ne babba.

Abin da ya sa na damu, shirun nan bai tsaya kan dala ba. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975 sun kawo ƙarshen dala, amma ma'aikaci bai ƙare ba. Ya koma ma'aikatun Bompai, waɗanda su ne na fari, da na Sharaɗa da Chalawa da suka biyo baya: masaƙu, da injinan matsar mai, da masu yin alewa da kayan roba, da majemun fata. Dubban magidanta suka ci abinci a nan, suka yi aure, suka sa 'ya'ya makaranta. Daga baya ƙarancin wutar lantarki, da matsin tattalin arziki tun daga 1986, da atamfar waje mai araha suka sa da yawa suka rufe. Duk da haka in ana nuna hotunan Kano ta dā, sai ka ga hawan salla da marinar Ƙofar Mata, da wuya ka ga mai tsaron injin saƙa.

Hotunansu kuwa suna nan, sai dai ba a gidan tarihi ba. Suna cikin adaka, ƙarƙashin tufafi: hoton katin shaidar aiki, da wanda aka je Sabon Gari ko Fagge aka ɗauka ran da aka sayi sabon keke, da na abokan aiki sun jeru bakin ƙofar ma'aikata. Kada wani ya raina su. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shago cikin 1948, yana ɗaukan mutanen gari da rediyonsu da babur. Da aka nuna hotunansa a birnin New York na Amurka cikin 1991, ko sunansa ba a rubuta ba, sai da aka bi sawu aka gano shi. Ya rasu cikin 2001 duniya ta san shi. Watau hoton talaka yana da daraja, kuma rashin suna zalunci ne da a ke iya gyarawa.

Don haka ga shawarata ga ƙungiyoyin masu zane. Su bi tsofaffin ma'aikata gida-gida, su nemi aron hotuna da yardar masu su, su kwafa, su mayar. Ƙarƙashin kowane hoto a rubuta sunan mutum da aikinsa da shekara, da boko da ajami. Sa'an nan a kai nunin kusa da ma'aikatun, inda jikoki za su gani.

Kai kuma da ka koyi rubutu, ga aikinka. Ɗauko hoton mahaifinka yau, ka tambaye shi, ka rubuta amsar a bayansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, tsofaffin kuwa tafiya su ke yi. Allah ya ba mu ikon tunawa da su, amin.