Bagade da Mumbari: Nazarin Kayan Cikin Majami'a a Yankin Dogarawa da Konni

Tarihin Kiristanci a yankin Dogarawa yana ɗaure da asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe a 1950 bayan ta fara aiki a Damagaram tun 1924, kuma daga aikin wannan mishan ne ikilisiyar bishara ta Nijar da aka fi sani da EERN ta tsiro. Katolika kuwa suna da majami'a a Birnin Konni ƙarƙashin dayosis ɗin Maradi, wato yankin da bishop guda yake kula da shi, wanda aka kafa a 2001 aka naɗa Ambroise Ouédraogo ya jagorance shi. Mai lura da ya shiga ɗakunan sujada na ɓangarorin nan yana iya gane aƙidar kowanne tun kafin a buɗe baki, idan ya dubi abin da aka girke a gaba, inda idon jama'a yake sauka.

A majami'un bishara mumbari ne yake riƙe da wurin, domin wa'azi daga Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, shi ne jigon taron Lahadi. Gicciyen da ke bango ba ya ɗauke da siffar kowa, abin da masu bi suke fassarawa da cewa Yesu Almasihu ya tashi daga matattu, kuma in ban da ayoyin da akan rubuta a bango da teburin Jibin Ubangiji, sauran kayan ba su wuce bencina da ganguna da mazubin baiko ba.

Majami'ar Katolika ta fi yawan alamomi, kuma dukkansu suna kewaye ne da bagade, teburin da fada yake keɓe gurasa da ruwan inabi a kansa, waɗanda a imaninsu suke zama jiki da jinin Almasihu. Kafin babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, bagade yakan jingina da bango, fada yana ba jama'a baya yana addu'a da Latin. Bayan taron ne aka janyo teburin gaba, fada ya fuskanci mutane, aka kuma buɗe wa harsunan gida irin su Hausa ƙofa. A kusa da bagaden akwai ƙaramin akwati mai makulli inda ake ajiye gurasar da aka keɓe, da 'yar fitila, galibi ja, wadda ake bari a kunne muddin gurasar tana ciki, shi ya sa mai shigowa, bayan ya tsoma yatsa a ruwa mai tsarki a bakin ƙofa ya yi alamar gicciye, yakan rusuna da gwiwa ɗaya kafin ya zauna. A jikin bango akan jera hotuna 14 na Hanyar Gicciye, daga yanke wa Yesu hukunci zuwa sa shi a kabari, waɗanda ake bi ɗaya bayan ɗaya a ranakun Juma'a na azumin kwana 40. Launin rigar fada ma kalanda ne ga wanda bai iya karatu ba, domin shunayya tana nuna azumi da jiran Kirsimeti, fari na Ista da Kirsimeti ne, ja na Fentikos da shahidai, kore kuwa na sauran makonni.

Inda gardama take shi ne batun siffofi, wato gicciye mai ɗauke da jikin Yesu da mutum-mutumin Maryamu. A ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, maƙwabci yakan kira su gumaka kai tsaye, kuma masu bishara da yawa ba su yi nisa da wannan ra'ayi ba. Amsar Katolika tsohuwa ce, domin tun a taron Nikiya na biyu a shekarar 787 aka bambanta girmamawa, wadda take wucewa daga hoto zuwa ga wanda aka zana, da sujada, wadda ta Allah ce shi kaɗai. Sai dai bambanci ne da ake koyarwa a ajin katikizim, ba ya bayyana ga wanda ya leƙo ta taga ya ga kyandir yana ci a gaban siffa.

Abin da ya fi zama na gida a majami'un ɓangarorin biyu shi ne abin da jama'a suke shigowa da shi, kamar kiɗan ganga da waƙoƙin Hausa da zane iri ɗaya na zumuntar mata. Siffofi da hotuna kuwa yawancinsu sayowa ake yi daga waje, da fuskoki irin na Turawa, alhali taron Batikan na biyu ya ba kowace al'umma damar shigo da fasaharta cikin ɗakin sujada. Ta fuskar harshe da kiɗa an ci moriyar wannan dama ƙwarai, amma ta fuskar sassaƙa da zane har yanzu aikin yana baya.